Yadda Ake Shirya Zuciya Domin Zama a Gaban Ubangiji: Jagora Mataki-Mataki

Ƴan'uwa da dama a nan Damagaram, musamman sababbin masu bi da matasan da ke ajin shirin baftisma, sun yi ta maimaita tambaya guda: kullum ana gaya musu daga bagade cewa su shirya zukatansu domin Ubangiji, amma ba a gaya musu da abin da ake farawa ba, balle abin da ke biye. Saboda su aka rubuta wannan jagora, kuma matakan da ke cikinta a jere suke da gangan, domin wanda ya tsallake na huɗu da na biyar (tuba da sulhu) ya faɗa kan na bakwai (addu'a) zai daɗe yana wahala bai san dalili ba.

Kafin a shiga matakan, akwai magana ɗaya da dole ta zauna daram. Shirin da mutum ke yi ba shi ke sayo kusancin Allah ba, gama ceto da kusanci duka kyauta ne ta wurin alheri, kamar yadda Afisawa 2:8-9 ta nuna, kuma jinin Yesu ne ya buɗe hanyar shiga, in ji Ibraniyawa 10:19-22. Idan babban baƙo zai sauka a gida, akan yayyafa ruwa a tsakar gida, a share, a shimfiɗa tabarma, a tanadi ruwan randa mai sanyi. Sharar ba ita ta kawo baƙon ba, shi ne ya yi niyyar zuwa, amma gidan da aka bari da tarkace a bakin zaure ba ya karɓar kowa da daɗi. A Wahayin Yahaya 3:20 Ubangiji yana tsaye yana ƙwanƙwasa ƙofa, kuma ga ikilisiyar Lawudikiya aka rubuta wannan magana, wato ga mutanen da suka riga suka ɗauki sunansa.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Abu na farko shi ne Littafi Mai Tsarki na kanka, ba na aro ba, kuma a cikin harshen da kake kuka da shi idan abu ya dame ka. Da yawa daga cikinmu mun yi lakkol da Faransanci, har karatun Hausa ya fi yi mana nauyi a ido, amma duk da haka Hausa ce ke shiga zuciya kai tsaye. Wanda yake haka ya ajiye duka biyun a gabansa, ya karanta aya a ɗaya, ya sake ta a ɗayan. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, aka kuma yi sabuwar fassara a 1979, shi ya sa za ka tarar sunayen wasu littattafai sun bambanta: inda wani ke da Matta da Yohanna, wani yana da Matiyu da Yahaya. Kada wannan ya ruɗa ka, surori da ayoyi ɗaya ne. Game da farashi, ka tambayi fastonka ko dattawan ikilisiyarku, domin su suka san inda ake samun sa da rangwame, kuma wanda ba shi da hali kada ya ji kunyar faɗa.

Sai kaye ɗaya mai shafi 100 da bik, waɗanda kuɗinsu duka bai kai jika guda ba a kasuwar Dolle ko a kantin unguwa, da tocila ko ƙaramar fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta, da tabarma ko kujera. Wanda bai iya karatu ba ya roƙi wani matashi a ikilisiya ya sa masa Sabon Alkawari na saurare a katin waya. Ana samun sa kyauta da Hausa a manhajoji irin su YouVersion da Bible.is.

Gargaɗi: babu mai, babu ruwa, babu hankici ko zobe da za a sayar maka a ce shi ke jawo kasancewar Allah. Sa'ad da Saminu mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi domin ya sayi ikon Ruhu, amsar da Bitrus ya ba shi a Ayyukan Manzanni 8:20 ta ishe mu. Duk wanda ya yanka maka farashi a kan addu'a, ka tashi daga wurinsa.

Mataki na 1: Tsayar da lokaci

Ka zaɓi lokaci guda ka riƙe shi, kada ka ce za ka yi idan ka samu sarari, domin sarari ba ya zuwa da kansa. A garinmu lokacin da ya fi dacewa shi ne asuba. Kiran sallar maƙwabtanmu yana tayar da unguwa duka wajen ƙarfe 5, kafin ko bayan haka gwargwadon lokacin shekara, kuma daga nan zuwa fitowar rana gari yana da sanyi ko da a tsakiyar bazara, yara ba su tashi ba, ba a fara neman ruwa ba. Markus 1:35 ta nuna Yesu da kansa yana tashi tun da sauran duhu ya fita wurin da ba kowa domin addu'a.

Mai farawa ya tsayar da minti 20, bayan mako biyu ko uku ya kai 30. Kuskuren da aka fi yi shi ne a dawo daga taron farkawa da zafi a yi alkawarin awa biyu kullum, a yi kwana uku, a gaji, a bari gaba ɗaya tare da jin laifi. Mai gadi da ke kwana a bakin aiki, da ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, da uwa mai goyo, su nemi nasu lokacin, ko da bayan azahar ne sa'ad da gida ya yi tsit. Abin da ake nema shi ne lokacin da hankali ke farke, ba ragowar ƙarfin da ya saura bayan an gama kallo da hira da dare.

Gargaɗi: tashin asuba tun daren jiya ake shirya shi. Wanda ya kai ƙarfe 1 na dare a fada ana shayi ba zai tashi ƙarfe 5 da natsuwa ba.

Mataki na 2: Wuri

Matiyu 6:6 ta ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa. A gidan haya na tsakar gida ɗaya, inda iyali shida ke raba bayi da rijiya ko famfo, ɗakin da za a rufe ba kullum ake samu ba, saboda haka ka nemi abin da ya yi kusa da shi: kusurwar ɗaki kafin sauran su farka, ƙarƙashin rumfa, gindin bishiyar dogon yaro a tsakar gida, ko shagonka minti 30 kafin ka buɗe wa masu saye. Ka riƙa komawa wuri guda, domin jiki yakan saba, da zarar an zauna sai hankali ya fara kwanciya. Da hunturu ka tanadi bargo ka zauna a kujera, kada ka koma kan shimfiɗa da sunan addu'a, barci ne zai ci nasara.

Ɗan'uwa ko ƴar'uwar da ke zaune cikin dangin da ba su yarda da bangaskiyarsa ba ya yi hikima. Ba dole ba ne a ɗaga murya, ba dole ba ne a rera waƙa a fili. Hannatu ta yi addu'a leɓunanta na motsi ba a jin sauti, kuma an amsa mata (1 Sama'ila 1:13). Irin wannan ɗan'uwa ya haddace ƴan ayoyi ya riƙa juya su a zuci, ya kuma shawarci fastonsa a kan inda zai ajiye littafinsa.

Mataki na 3: Kwantar da hayaniya

Kada ka taɓa WhatsApp ko Facebook kafin ka zauna, ko da kallo ɗaya ne, domin saƙo guda ya isa ya kama tunaninka har rana ta fito. Idan a waya kake karatu, ka rufe intanet tukuna. Ka zauna ka yi shiru na minti biyu ko uku, sa'an nan ka buɗe shafin ƙarshe na kayenka ka rubuta duk abin da ya taso maka: kuɗin haya, hatsin da ya kusa ƙarewa, zubin adashi, maganin yaro, wanda ya yi maka alkawari bai cika ba. Rubuta su yana sa zuciya ta sake su na ɗan lokaci, tunda ta san ba za a manta ba, kuma daga baya wannan jerin ne zai zama abin roƙonka, yadda Filibiyawa 4:6 ta koyar. Daga nan ka karanta Zabura guda a hankali. Ta 63, ta 100, ta 103 da ta 121 sun dace da buɗe zama.

Mataki na 4: Binciken zuciya da tuba

A nan aikin gaske yake farawa. Ka ɗauki addu'ar Dawuda ta Zabura 139:23-24, inda ya roƙi Allah ya bincike shi ya ga ko akwai muguwar hanya a cikinsa, sa'an nan ka bi jiya daga safe zuwa dare kamar mai bin sawu. Me ka faɗa wa matarka sa'ad da abinci ya makara? Me kika ce a kan maƙwabciyarki a wurin ɗiban ruwa bayan ta juya baya? Tiyar da ka auna wa baƙauye da ita, ita ce wadda kake auna wa wanda ya san ka? Kuɗin da ka karɓa daga fasinjan da bai san gari ba, shi ne kuɗin kabu-kabu na gaskiya? Me idonka ya tsaya a kai a waya bayan kowa ya kwanta?

Abin da ya fito, ka kira shi da sunansa. Akwai bambanci mai girma tsakanin cewa “ka gafarta mini zunubaina, na sani da na rashin sani” da cewa “na yi wa wane ƙarya a kan farashi domin ina son riba fiye da gaskiya.” Ta farko baki ya saba da ita har ba ta taɓa zuciya; ta biyu tana da zafi, kuma ita ce ke kawo sauyi. Alkawarin 1 Yahaya 1:9 a fili yake: idan mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta ya tsarkake. Bayan ka furta, ka karɓi gafarar ka yi godiya, ka wuce.

Gargaɗi na farko: kada ka rubuta asirin zunubanka dalla-dalla a kayen da yara ko baƙo za su iya buɗewa, musamman idan sunan wani yana ciki. Ka yi alama da kai kaɗai ka gane.

Gargaɗi na biyu: akwai masu tono zunubin da aka gafarta shekaru da suka wuce suna sake kuka a kansa kowace safiya, suna tsammani tawali'u ne. Faɗakarwar Ruhu Mai Tsarki tana nuna abu takamaimai tare da hanyar gyara. Zargin da ke cewa kai ba komai ba ne, Allah ya gaji da kai, ba daga wurinsa yake ba (Romawa 8:1). Wanda zunubi guda ya ɗaure shi yana ta komawa ciki, ya nemi amintaccen dattijo, mace kuma ta nemi dattijuwa cikin zumuntar mata, a faɗa a yi addu'a tare bisa ga Yakubu 5:16.

Mataki na 5: Sulhu da mayar da hakki

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne dalilin da ya sa mutane da yawa ke azumi da kwanan addu'a amma zuciyarsu na nan a bushe. Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24, idan ka kawo baikonka bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna, sa'an nan ka dawo. Ka lura da jerin: sulhu ne a gaba, baiko a baya. Haka nan da mutane suka tambayi Yahaya Mai Baftisma yadda za su shirya hanyar Ubangiji, bai aike su hamada ba. Ya ce mai riga biyu ya ba marar ita, masu karɓar haraji kada su ƙara a kan abin da aka yanka, sojoji kada su yi ƙwace su gamsu da albashinsu (Luka 3:10-14).

Ka raba shafi biyu. A gefe ɗaya ka sa waɗanda ka yi wa laifi ko kake riƙe da hakkinsu, a ɗaya gefen waɗanda suka yi maka.

Ga na farko, ka fara da mafi sauƙi domin ka samu ƙarfin gwiwa, ka kuma sa rana. Ka je da ƙafarka, kada ka aika saƙon murya. Idan babba ne, ka durƙusa yadda aka saba, ka gaisa sosai, sa'an nan ka ce: “Baba, na zo ne a kan maganar da na faɗa maka ranar nan. Ban kyauta ba, ka yafe mini.” Idan uwa ce: “Inna, na ɓata miki rai, ba ni da hujja, ki gafarce ni.” Miji ma ya iya buɗe baki ya ce wa matarsa: “Maman yara, abin da na yi miki a gaban mutane bai dace ba, ki yi haƙuri ki yafe mini,” gama 1 Bitrus 3:7 ta gargaɗi maza cewa rashin girmama mata yana tare addu'arsu. Ka tsaya a nan. Da zarar ka ƙara “amma kai ma ka yi kaza,” ka rushe abin da ka gina.

Bashi kuwa baki kaɗai ba ya biyan sa. Zakka da Yesu ya shiga gidansa ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa wanda ya zalunta ninki huɗu (Luka 19:8). Idan mai kanti na bin ka jika goma ka daina bin layinsa saboda kunya, ka koma ka same shi, ka ba shi abin da ke hannunka, ku yanka abin da za ka riƙa kawowa kowane wata, ka rubuta, ka cika. Wannan ya shafi maƙwabcinka Musulmi daidai da yadda ya shafi ɗan'uwanka a ikilisiya, har ma na fi jin nauyinsa a can, domin ta wurin halinmu yake karanta bangaskiyarmu. Idan mai hakkin ya rasu, a kai wa magadansa. Idan ba a san inda yake ba, a shawarci dattawa a kan yadda za a fitar da kuɗin ga mabukata.

Ga gefe na biyu, wato waɗanda suka cuce ka, yafewa tana farawa a gaban Allah ko da mai laifin bai zo ba. Ka ambaci sunansa da abin da ya yi, ka ce ka saki hakkin ramuwa a hannun Ubangiji, ka roƙa masa alheri. Masu bi a garin nan sun san nauyin wannan magana, domin ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 an ƙona majami'u da gidajen Kirista a Zinder, kuma akwai waɗanda har yau ransu ke sosuwa idan suka bi ta wasu tituna. Ba wanda zai ce musu abin da sauƙi. Amma akwai maƙwabtan da suka ɓoye ƴan'uwa a gidajensu a wannan rana, kuma ya kamata a riƙa ambaton su da godiya cikin addu'a ɗaya da ake yafe wa waɗanda suka yi ƙonen. Irin wannan yafewa ba a gama ta rana ɗaya. Duk lokacin da ɗacin ya taso, a sake miƙa shi.

Gargaɗi: yafewa ba ta nufin komawa cikin haɗari. Matar da ake duka, ko yaron da ake cin zarafinsa, ba a ce su yi shiru da sunan haƙuri ba, sai a kai maganar ga shugabannin ikilisiya da dangi, da hukuma idan ta kama. Haka kuma akwai furcin da zai fi cutar da mai jin sa, kamar ka je ka gaya wa wani mugun tunanin da ka yi a kansa wanda bai taɓa sani ba. Wannan tsakaninka da Allah ne. Idan kuwa ka nemi sulhu aka ƙi ka, ka sauke naka nauyin, gama Romawa 12:18 ta ce gwargwadon abin da ke hannunka.

Mataki na 6: Karatun Magana

Ka ɗauki littafi guda ka bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Mai farawa ya soma da Markus, mai sura 16, ya riƙa karanta rabin sura a rana, cikin kwana 32 ya gama, sa'an nan ya shiga Luka ko Yahaya. Ka karanta wurin sau biyu, na biyun da ƴar murya idan hali ya yi, domin kunne yakan kama abin da ido ya tsallake. Bayan haka ka amsa tambayoyi uku a kayenka, kowace da layi ɗaya ko biyu: me wannan wuri ya nuna mini game da Allah, me ya tona game da ni, me zan yi yau saboda shi.

Gargaɗi: kada ka rufe ido ka buɗe littafi ka ɗora yatsa a kan aya ka ce ita ce saƙonka na yau, wannan ya fi kama da duba fiye da karatu. Kada kuma ka maye gurbin karatunka da gajerun wa'azin bidiyo da ake turawa a waya. Mutanen Biriya sun saurari Bulus da kansa, duk da haka kowace rana suna bincika Nassi su ga ko haka ne (Ayyukan Manzanni 17:11).

Mataki na 7: Addu'a da sauraro

Addu'ar da Ubangiji ya koyar a Matiyu 6:9-13 ita ce ma'auni: sunansa da mulkinsa da nufinsa a gaba, sa'an nan abincin yau, gafara da tsari. Ka bi ta layi-layi, kana tsayawa a kowane layi kana cika shi da maganarka. Idan ka zo kan abincin yau, ka buɗe jerin damuwar da ka rubuta a mataki na uku ka miƙa su ɗaya-ɗaya. Ka roƙa wa iyalinka, da ikilisiya, da maƙwabta, da sarki da masu mulkin ƙasa yadda 1 Timoti 2:1-2 ta umarta, da damina mai albarka, da waɗanda rashin tsaro ya raba da gidajensu.

Sa'an nan ka rufe baki na minti uku zuwa biyar. Wannan yana da wuya a gare mu, domin mun saba auna addu'a da ƙarfin murya da yawan kalmomi, alhali Matiyu 6:7 ta hana yawan surutu. A Dutsen Horeb, Iliya ya ga iska mai ƙarfi da girgizar ƙasa da wuta, Ubangiji ba ya cikinsu, sai daga baya ya ji ƴar siririyar murya (1 Sarakuna 19:11-12). Idan hankalinka ya tafi kasuwa, ka dawo da shi da ayar da ka karanta, ba tare da faɗa da kanka ba.

Gargaɗi: ba duk abin da ya faɗo a zuci cikin shiru ne muryar Allah ba. A gwada shi da Nassi bisa ga 1 Yahaya 4:1. Idan ya shafi aure, barin aiki, tafiya Libiya ko Aljeriya neman kuɗi, ko zargin wani da maita, kada ka motsa sai ka kai shi gaban dattawa masu hankali, kuma duk abin da ya saɓa wa rubutacciyar Magana ka watsar da shi nan take.

Mataki na 8: Aikata abu ɗaya kafin rana ta faɗi

Amsar tambaya ta uku da ka rubuta a mataki na shida, ka cika ta a ranar. Ta zama ƙarama kuma a fili: kai wa gwauruwar da ke layinku tiyar gero, duba marar lafiya a likita, riƙe harshe a wurin aiki, biyan mai ga-ruwa kuɗinsa ba tare da ja-in-ja ba. Yakubu 1:22 ta ce mai ji ba ya aikatawa kansa yake ruɗi. Da dare, kafin ka kwanta, ka duba kayen ka sa alama ko an yi ko ba a yi ba.

Mataki na 9: Azumi, ga mai iyawa

Azumi taimako ne, ba sharaɗi ba, kuma ba a fara shi sai matakan baya sun zauna. Mai farawa ya bar abincin rana kawai sau ɗaya a mako, ya ba da lokacin cin ga addu'a, ya kuma ba mabukaci abin da zai ci, domin irin azumin da Ishaya 58:6-7 ta yaba ke nan. Ka wanke fuska ka shafa mai ka fita harkarka, kada kowa ya gane (Matiyu 6:16-18).

Gargaɗi: a watannin Afirilu da Mayu zafin Damagaram yakan haura digiri 40, saboda haka ka riƙa shan ruwa, musamman idan aikinka na rana ne. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga, mai gyambon ciki da mai shan magani a kan ƙa'ida kada su yi azumin abinci sai da izinin likita. Za su iya barin waya, rediyo ko shayi a maimakonsa.

Mataki na 10: Daren Asabar da safiyar Lahadi

Shirin sujadar Lahadi da yammacin Asabar yake farawa. Kafin Ubangiji ya sauko a Dutsen Sina'i an ba jama'a kwana biyu su tsarkake kansu su wanke tufafinsu (Fitowa 19:10-11). A wanke kayan yara a goge tun Asabar, a tanadi ruwa, a ware baiko a ajiye, a yi addu'ar iyali, a kwanta da wuri. Yawancin faɗan da ake yi a gidajen masu bi da safiyar Lahadi a kan takalmin da ya ɓata ne ko karin kumallon da ya makara, kuma mutum yakan shiga majami'a da wannan fushin ya zauna da shi har a tashi. Ka isa minti 10 kafin a fara, ka gaisa a taƙaice, ka zauna ka yi shiru, ka rufe waya.

Idan ranar Jibin Ubangiji ce, 1 Korantiyawa 11:28 ta ce kowa ya gwada kansa kafin ya ci ya sha, wato a sake bin mataki na huɗu da na biyar tun cikin mako. Ƴan'uwa Katolika su nemi ganin fada, wato firist, domin furta zunubi kafin ranar, bisa ga tsarin ikilisiyarsu. Kuskure ne mutum ya ƙaurace wa teburin wata da watanni yana cewa bai cancanta ba, alhali bai ɗauki matakin gyara komai ba. A gyara, a zo.

Mataki na 11: Idan zuciya ta bushe ko an yi fashi

Za a yi kwanaki, wani lokaci makonni, da za ka bi matakan nan duka ba ka ji komai ba. Hawaye da tashin tsigar jiki ba su ne shaidar kasancewar Allah ba, rashinsu kuma ba shaidar tafiyarsa ba ce, gama ya yi alkawari a Ibraniyawa 13:5 cewa ba zai bar mu ba, ba kuwa zai yashe mu ba. Ka fara duba abubuwa uku a jere: ko akwai zunubin da kake ɓoyewa ko sulhun da kake ɗagawa, ko jikinka ne ya gaji saboda rashin barci, zazzaɓi ko yunwa, ko kuwa ka daina zuwa taron ƴan'uwa. Idan ka duba ba ka sami komai ba, ka ci gaba da zama a lokacinka, ka mai da Zabura 42, 13 da 88 addu'arka, tunda waɗanda suka rubuta su sun bi ta wannan hanya, ka kuma buɗe tsofaffin shafukan kayenka ka ga roƙe-roƙen da aka riga aka amsa. Idan nauyin zuciya ya kai ga rashin ci, rashin barci ko tunanin hallaka kai, a gaya wa fasto a kuma je likita ba tare da jinkiri ba.

Wanda tafiya, rashin lafiya ko aikin gona ya sa ya yi fashi, kada ya ce sai ya rama kwanakin da suka wuce ko sai farkon wata. Ya koma washegari daga ayar da ya tsaya, da minti 10 idan abin da ya samu ke nan, ya kuma nemi ɗan'uwa guda, mace ta nemi ƴar'uwa, wanda za su riƙa tambayar juna kowace Lahadi bayan sujada inda karatu ya kai da kuma sunan da ya saura a shafin sulhu.